Land Cruiser Ko Lexus: Wacce Za A Shigo Da Ita Gida?

 

Kwanakin baya wata ƙawata da muka yi kwaleji tare ta bugo mini waya bayan sallar isha'i, muryarta kamar wadda aka shigar ɗakin jarrabawa ba shiri. Maigidanta ne ya sayar da wani fili da ya daɗe yana ajiya, ya ƙudurta sayen babbar jif da za ta kwashe iyalin gaba ɗaya. Su takwas ne a gidan har da mahaifiyarsa, kuma duk tafiyar Sallah sai an yi mota biyu. Dillali ya kawo masa guda biyu, Toyota Land Cruiser da Lexus LX 570, dukansu na hannu da aka shigo da su daga waje, sai ya ce mata ta duba ta zaɓa.

Ta ce mini, "Wallahi ƙawata, ni ban da launi ba abin da na iya bambancewa. Ina ganin zan ce masa duk wadda ya ga dama."

Na ce mata kul. Kuɗin fili guda ake shirin zubawa a kan taya huɗu. Kuma ke ce kika san ɗan da ke amai a mota, ke kika san gwiwar Hajiya ba ta son tsawo, ke kika san yawan buhu da kula da ake lodawa in za a je gida. Namijin da ya nemi shawararki ya girmama ki, bai kamata ki mayar masa da ita hannu rabbana ba. Abin da muka zauna muka bincika ni da ita, shi ne na ga ya dace in kawo miki, domin ko ba yau ba wata rana zai yi amfani, kuma akasarinsa ya shafi sayen kowace irin mota.

UWA ƊAYA UBA ƊAYA

Abu na farko da dillali ba zai yi saurin gaya muku ba shi ne, waɗannan motoci biyu 'yan ciki ɗaya ne. Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fara ƙera motar da ta zama Land Cruiser tun a 1951, ya raɗa mata wannan suna a 1954. Shi kuwa Lexus ba wani kamfani ne daban ba, reshe ne da Toyota ta buɗe a 1989 domin motocin alfarma. Duk wata Lexus LX da kika gani, a kan ƙashin Land Cruiser aka gina ta.

Samfurin da ya fi yawa a titunanmu shi ne wanda aka yi daga 2007 zuwa 2021, wato Land Cruiser 200, wadda mutane ke kira V8, da 'yar'uwarta LX 570. Ƙarfen da ke ɗauke da jikinsu iri ɗaya ne. Waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka ma inji ɗaya gare su, mai silinda 8 da girman lita 5.7. Kowacce tsawonta ya kai kimanin mita 5, nauyinta ya haura tan biyu da rabi. Saboda haka in wani ya ce miki wannan ta fi waccan ƙarfin inji ko juriya nesa ba kusa ba, ki san ɗanɗanon ciniki ne kawai. Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

INDA SUKA RABA HANYA

Bambancin yana wuri uku: ƙafa, taya, da kwalliya.

Ƙafar Lexus tana aiki ne da wani mai na musamman da famfo, wanda ke ɗaga motar ko ya sauke ta. In an tsaya takan iya durƙusawa kaɗan domin a ji daɗin shiga da fita, in an zo wuri mai rami kuma a danna ta miƙe. Wannan shi ya sa tafiyarta take da laushi. Amma fa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ranar da wannan famfo ko ɗaya daga cikin na'urorinsa ya gaji, za ki ga mota ta karkace gefe guda ko ta zauna ta ƙi tashi, kuma gyaransa ba na kowane bakanike ba ne. Yawancin Land Cruiser kuwa sifirin da shokozoba na gargajiya gare su, waɗanda ba su kai waccan laushi ba, amma sun fi sauƙin canzawa.

Sai taya. Lexus kan zo da wili mai inci 20 ko 21, wanda robarsa siririya ce. Yana da kyan gani ƙwarai, sai dai in ya faɗa rami da gudu, ba robar kaɗai ke fashewa ba, har wilin yakan lanƙwashe. Land Cruiser ta fi zuwa da inci 17 ko 18, mai kaurin roba, wanda ya fi shanye dukan hanya, ya kuma fi araha a kasuwa. Bugu da ƙari, gaban Lexus, musamman daga samfurin 2016, ya fi sauka ƙasa, don haka ya fi saurin gogar tudu ko bakin kwalbati.

Ta fannin kwalliya kam Lexus ta yi gaba. Fatar kujerunta ta fi taushi, an yi mata ado da katako, cikinta ya fi shiru, sautin rediyonta ya fi daɗi. To amma uwargida, ki kalli wannan farar fata, sannan ki tuna da autanki riƙe da ƙullin zoɓo da gyaɗa. In ƙananan yara gare ki, ko wacce aka zaɓa a nemi mai duhun kujera.

ƘIRGA MUTANEN GIDANKI

Kada ki yarda da cewa "ai babba ce, za ta ɗebe kowa." Buɗe ƙofa ki ƙirga kujeru da idonki, ki kuma ƙirga bel. Da yawa daga cikin waɗannan motoci mutum 8 suke ɗauka, amma akwai masu 7, akwai ma masu 5. Lexus ta fitar da LX 570 mai layi biyu kacal tun daga samfurin 2018, kuma a cikin sababbin LX 600 akwai wadda kujeru 4 ne kawai a cikinta, an yi ta ne domin mai gida da direbansa, ba domin iyali ba.

Sannan ki shiga layi na uku da kanki ki zauna. Za ki tarar wurin yara ne. Babban mutum in ya zauna gwiwarsa na kusa da ƙirjinsa, ba zai jure tafiyar awa huɗu ba. Ki duba ko sanyin na'ura yana isa can baya, domin a watan Afrilu yaron da ke ƙuryar mota shi ya fi kowa shan wuya.

Wani abin lura shi ne, mutane da kaya rabon wuri suke yi. In aka buɗe layi na uku, abin da ya rage a but bai wuce na 'yan jakunkuna ba. In kuma aka naɗe shi, a samfurin 2007 zuwa 2021 kujerun ba sa shigewa ƙasa, jingine su ake yi a jikin tagogi hagu da dama, suna cin wuri. Wannan matsala duka biyun suna da ita. Don haka iyali mai mutum takwas da ke tafiya da buhun shinkafa da akwatuna, su sani tun yanzu sai an nemi maɗaukin kaya na saman mota.

In akwai tsoho a gidan, a zo da shi ya gwada hawa. A nan ne durƙuson Lexus yake da rana, domin ɗan saukin nan da take yi yana rage wa mai ciwon gwiwa wahala, haka ma mai juna biyu.

CIKIN DA BA YA ƘOSHI

Yanzu mu zo kan abin da zai taɓa tukunyarki kai tsaye. Injin lita 5.7 yakan ci lita guda ta fetur a kimanin kilomita 6, a cikin cunkoson gari ma bai kai haka ba. Tankin ya kai lita 93, wasu da aka yi wa ƙasashen Larabawa ma suna da ƙarin tanki da ya kai su lita 138.

Kin dai san abin da ya faru tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin mai. Litar da ake saye a wajen naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Mu ɗauki naira 1,000 domin sauƙin lissafi, ke kuma ki gyara da farashin garinku. Daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne. Zuwa da dawowa 460 ke nan, wato lita 77, naira 77,000 a tafiya guda. In kuwa da ita za a riƙa kai yara makarantar boko da Islamiyya da cefane, a ce kilomita 30 a rana, kwana 22 a wata, lita 110 ke nan, naira 110,000, ba a je ko'ina ba.

A wannan fage Lexus LX 570 ba ta ba ku zaɓi ba, injinta ke nan. Land Cruiser kuwa akwai mai silinda 6 da lita 4.0, akwai mai lita 4.6, akwai kuma mai shan gas da lita 4.5. Waɗannan suna da ɗan rangwame, ko da yake mai gas ɗin ba ta jure gurɓataccen mai. Shawarata ita ce, in akwai ƙaramar mota a gidan kada a sayar da ita. Ita ta yi zirga-zirgar yau da kullum, babbar a bar ta domin tafiya.

WA ZAI GYARA TA?

Kafin a biya ko kwabo, maigida ya je ya sami bakaniken da zai riƙa kula da ita, ya tambaye shi farashin abu huɗu na kowacce: taya, birki, fitilar gaba, da gyaran ƙafa. A rubuta a takarda, a ajiye gefe da gefe. Kayan inji kusan ɗaya ne, ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja. Amma kayan jiki kamar fitila da madubi da bamba, na Lexus sun fi tsada, wani lokaci ma sai an aika Ladipo a Legas ko an yi oda daga Dubai. In kuna zaune a garin da ba shi da mai na'urar kwamfuta ta duba mota, wannan kaɗai ya isa ya karkatar da ku wajen wadda ta fi sauƙin sha'ani.

In kuwa sabuwa dal ake magana, a 2021 aka fito da Land Cruiser 300 da LX 600. An ajiye injin silinda 8, aka koma mai silinda 6 da tarbo biyu da giya 10. Sun fi ƙarfi, sun ɗan rage shan mai, kujerun bayansu kuma suna shigewa ƙasa. Sai dai irin wannan inji ba ya yafe jinkirin juye ko baƙin mai na jabu. A 2024 ma Toyota ta yi kiranyen wasu LX 600 na 2022 da 2023 a Amurka saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin inji wajen ƙira, don haka wanda zai sayi irinta ya nemi shaidar an yi mata wannan gyara. A kuma lura, motar da ake sayarwa a Amurka da sunan Land Cruiser daga 2024 ba ita ce babbar ba, dangin Prado ce, mai silinda 4.

TSOHUWA DA KWALLIYAR AMARYA

Ga inda aka fi cutar mutane. Akwai masu sana'ar ɗaukar motar 2009 ko 2010, su canza mata fuska da fitilu da sitiyari, ta fito tamkar ta 2018. In an gaya wa mai saye gaskiya ba laifi, amma sau da yawa ba a faɗa.

Hanyar ganewa ba ta da wuya, ke ma za ki iya. Yawancin motoci suna da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ana ganinta ta gilashin gaba ɓangaren direba, da kuma jikin ƙofa. A motocin da suka fito daga Amurka, na goma a jerin shi ke nuna shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, haka har G 2016, J 2018, M 2021. Ki tabbata lambar gilashi da ta ƙofa da ta takarda duk ɗaya ne. Ki kuma ja bel ɗin kujera har ƙarshe, yawanci akwai ɗan ƙyalle da aka buga shekarar ƙira a jiki. Wata alamar ita ce giya: mai injin lita 5.7 giya 6 gare ta har zuwa 2015, daga 2016 ta koma 8.

Da wannan lamba ake bincika tarihin motar a intanet, a ga ko ta taɓa mummunan haɗari ko ambaliya ta shanye ta kafin a yi gwanjonta. Ki sa hanci ki shinshina, ki ɗaga shimfiɗar ƙasa ki duba tsatsa ko busasshen taɓo. Motar da ruwa ya ci, wayoyinta ba sa daina ba da wahala. Sannan a tabbatar da takardun kwastan a ofishinsu, ba a bakin dillali ba, kada a je tsakiyar hanya da yara a ƙwace mota. Lafiyayyar Land Cruiser ta fi Lexus mai ciwo, haka lafiyayyar Lexus ta fi Land Cruiser da aka yi wa kwaskwarima. Araha dai ba ta ado.

GIRMAN MOTA BA YA TSARE YARO

'Yar'uwa, wannan sashe ko ba ki da niyyar sayen jif ki karanta shi. Mutane na ganin in mota ta yi girma an tsira. Gaskiya ne waɗannan motoci suna da jakunkunan iska har guda 10 a wasu samfura, amma an yi su ne domin wanda ya ɗaura bel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ɗaura bel na rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, kujerar jarirai ta musamman kuma na rage mutuwarsu da kashi 71 cikin 100. Rungume jariri a cinya a kujerar gaba ba ƙauna ba ce, domin jakar iska in ta fashe da ƙarfin gaske take fitowa, shi za ta fara samu. Yara baya, kowa da bel ɗinsa. Ki sa hannu a tsakanin mazauni da majinginin layi na biyu, za ki ji ƙarafan da ake maƙala kujerar jariri.

Abu na biyu, tsayin motar yana ɓoye abin da ke kusa da ita. Yaro mai shekara biyu in ya tsaya a gabanta ko bayanta, direba ba zai gan shi ba sam. A nemi mai kyamarar baya, in da hali mai nuna kewaye duka, amma kada a dogara da ita kaɗai. Ki kafa doka a gidanki: ba a tayar da mota sai an ƙirga yara an ga kowa. Kuma in an ajiye ta a kulle, a ɗauke makulli, domin yaro kan shiga wasa ƙofa ta rufe da shi, zafin cikin mota kuwa ba ya ɗaukar lokaci. Abu na uku, doguwar mota mai nauyi ba ta son a karya kwana da gudu, kuma tana buƙatar tazara kafin ta tsaya. A ja wa direba kunne.

ABIN DA ZAI RAGE A HANNU

In kuɗin da ke hannu iyakarsa kuɗin motar, to ba a isa sayenta ba tukuna. Bayan ciniki akwai la'ada, rajista, inshora, sababbin tayoyi, da juyen farko. A ware kuɗin makarantar yara da na asibiti gefe, kada a taɓa. In sai an nemi taimakon banki, a guji bashin ruwa. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, waɗanda ke sayen motar su sayar wa mutum da ribar da aka sani tun farko, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ko a nan ma a yi lissafi da kyau, domin bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na mota ya fi ciwo tunda kullum darajarta raguwa take yi.

Ki kuma yi tunanin ido. Duka biyun suna jan hankali, amma Lexus ta fi shelar kanta. Ga yadda sha'anin tsaro yake a wasu hanyoyinmu, ba kowane wuri ne ake son a yi fice ba. In kuma dalilin sayen shi ne don wance ta gani a gidan biki, to wance za ta gani ta manta, ku kuma a bar ku da gidan mai.

TO, WACCE?

In yawan tafiyarku ƙauye ne, hanya ba kwalta, yara ƙanana, bakanike na nesa, Land Cruiser ta fi dacewa da ku. In kuwa zamanku birni ne, tafiyarku kan kwalta, akwai dattijo mai buƙatar sauƙin hawa, akwai ƙwararren mai gyara kusa da kuɗin biyansa, Lexus za ta ba ku hutun da kuka biya.

Ita ƙawata, ta koma wa maigidanta da takarda ɗauke da lissafin mai da na taya. Suka ɗauki Hajiya da yara aka je gwaji. Hajiya ta yaba da Lexus, ta ce ko ba a riƙe ta ba ta shiga. Amma da babban ɗansu ya karanto lambar shasi, sai ga A a gurbi na goma, alhali dillali ya rantse 2018 ce. A nan ciniki ya watse. Suka ɗauki Land Cruiser, aka sayo wa Hajiya ɗan matakala na roba da ake ajiyewa a but, ragowar kuɗin kuma aka biya wa yara makaranta na shekara guda.

Allah Ya ba mu abin hawa mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.